Katafila Ba Ta San Tarihi Ba, Amma Mu Mun Sani

 Yau maganar za ta ɗan yi tsawo, kuma mun san akwai waɗanda ba za ta yi wa daɗi ba. Ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara zagi a ƙasa.

Muna rushe garuruwanmu da hannunmu. Kowace damina sai an wayi gari wani tsohon soro ya zube a Birni ko a Zengu, a kwashe ƙasar a cike rami da ita, shi ke nan an gama. Kowane rani kuma sai katafila ta shiga wani tsohon kanti ko tsohon magazan, bayan wata shida ka ga jerin butik na bulo da ƙofofin ƙarfe, kamar waɗanda ke kowane gari daga nan har Kwatano. Ba wanda ya ɗauki hoto. Ba wanda ya tambayi wa ya gina, yaushe aka gina, me aka yi a ciki. In ka yi magana a ce maka ci gaba ne. Mu kuma muna cewa ɓarna ce, kuma akwai masu laifi, har da mu da muke kallo muna shiru.

Bari mu tsaya kan Damagaram, don nan ne abin ya fi yawa kuma nan ne asarar ta fi ciwo.

Wanda ya shiga Birni yana taka wurin da Sarki Tanimu ya mayar babban birni. Ya yi sarautarsa mai tsawo daga 1851 zuwa 1884. A zamaninsa aka kewaye garin da ganuwa mai ƙofofi, a zamaninsa maƙeran garin suka riƙa zuba igwa da hannunsu. Bature Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a garin a ƙarshen 1852, ya tashi a farkon 1853. A waje da ganuwa akwai Zengu, masaukin ayari, inda Abzinawa ke sauke gishirin Bilma, inda Larabawan Turabulus da Gadamas ke da gidaje da ɗakunan ajiya, ana musayar fatu da gashin jimina da tufafi da takarda. A nan Malam Yaro ya yi arzikin da har yau ake ambaton sunansa. A 1898 aka kashe kyaftin Cazemajou a wannan gari, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1899 Nasara suka dawo da ƙarfi, aka yi karon Tirmini, suka ci garin, suka kafa bariki a kan duwatsu suka sa masa sunan mutuminsu da aka kashe. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa bisa zargin shirya musu tawaye, suka kai shi Kodebuwa. Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce hedikwatar ƙasar nan, kafin a mayar da ita Yamai.

Duk wannan labarin da muka jero yana da bango da zaure da ƙofa. Kowane ɗaya an yi shi a wani wuri da za a iya nunawa da yatsa. To ina ganuwar take yau? Sai guntaye nan da can, wasu an mayar da su juji, wasu an kankare ƙasarsu an yi tubali. Ku tara yaran lakkol ashirin a Sabon Gari ku ce su lissafa ƙofofin Birni, ku ga nawa za su iya. Ku tambaye su me ya sa ake ce wa kasuwa Dole, me ya sa ake ce wa unguwa Tudun Jamus. Laifin bai kan yaran. Abin da ba a nuna wa yaro ba, ina zai gan shi?

Hujja ta farko da ake kawo mana ita ce wai ginin laka ginin talauci ne, zamani ya wuce shi. Wannan magana ta shiga kanmu har ta kai wanda ya samu ƴan kuɗi abin da zai fara yi shi ne ya rushe soron kakansa ya kafa bulo da kwano, don kada a ce bai waye ba. To mu yi wa juna gaskiya. A watan Afrilu da Mayu, in wuta ta ɗauke da tsakar rana, wane ɗaki ake gudu a shiga? Mai gidan kwano yana fitowa da tabarma yana neman inuwar bedi, tsohuwar da ke cikin soron laka tana barcinta. Kakanninmu ba su da fanka, ba su da injin sanyaya ɗaki, amma sun san kaurin bango da zai hana zafi shiga, sun san inda za a buɗe taga ƙarama iska ta ratsa.

Kuma ginin nan ilimi ne mai zaman kansa, yana da malamansa, yana da Sarkin Magina. A cuɗa ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa. A mulmula tubali a shanya. A jera azara ta giginya wadda gara ba ta ci. A ɗaura bakan gizo ya riƙe rufin zaure ba tare da ginshiƙi ko ƙarfe ba. A yi yaɓe da makuba don ruwa ya zame, a sa indararo ya zubar da ruwan rufi nesa da gindin bango, a kafa zankwaye a sama, sannan a zo a yi wa fuskar gida zane, wanda shi ne ya sa baƙi ke zuwa daga nesa suna ɗaukar hoton gidajen Damagaram. Kowane magini tsoho da ya rasu bai koya wa kowa ba, rabin wannan ilimin ya bi shi kabari. Yau saurayi ya fi son a ce masa maso, mai aikin siminti, da a ce masa magini.

Wani abin takaicin ma, da yawa daga gidajen da ke faɗuwa gyaran jahilci ne ya kashe su. Sai a ɗauko siminti a lulluɓe bangon laka wai an ƙarfafa shi. Laka tana son ta sha iska. In ka rufe ta da siminti, danshi ya shiga ta ƙasa ko ta wata ƴar tsaga, ba shi da hanyar fita, sai ya ci bangon daga ciki. Waje lafiya lau, ciki ya zama gari. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai a ji rugum, a ce ai laka ce ba ta da ƙarko. Haka nan in an ɗaga titi an zuba gudurau ba a yi magudanar ruwa ba, ruwan duk sai ya koma gindin tsofaffin gidaje ya kwanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mu ne muke tsaga shi.

Wanda ke cewa laka ta tsufa ya je Agadas ya ɗaga kai ya kalli hasumiyar babban masallaci, wadda ta kai mita 27, ta laka ce, tun ƙarni na 16 take da asali, kuma tana nan saboda mutanen garin ba su daina yi mata yaɓe ba. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya. Ya je Yama a jahar Tawa ya ga masallacin da Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, manomi magini ɗan ƙauye, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Ya je Dandaji, nan jahar Tawa ɗin dai, inda aka gina sabon masallaci amma ba a rushe tsohon ba, aka gyara shi aka mayar da shi ɗakin karatu, aikin da ƴar ƙasar nan Mariam Kamara ta tsara tare da abokiyar aikinta. Duk waɗannan a ƙasarmu suke. Ba Faransa muka ce ku je ba.

Amma kada mu ɗora komai kan jahilci. Babban abin da ke cin tsofaffin gidaje shi ne gado. Maigida ya rasu ya bar ƴaƴa ashirin daga ɗaki huɗu. Wasu suna Yamai, wasu suna Libiya, wasu suna Kano. Wanda ke zaune a gidan ba shi da ƙarfin yaɓe, waɗanda ke da ƙarfi kuma suna cewa don me zan zuba kuɗina a gidan da ba nawa ni kaɗai ba. Shekara biyar ba yaɓe, rufi ya fara yoyo. Sai wani Alhaji ya zo da kuɗi a jaka, a sayar a raba, kowa ya kama gabansa. Wa zai zargi marayan da ke neman abin sa wa a baka? Mu ba mu zarge su ba. Wanda muke tuhuma shi ne mai kuɗin da ya sayi gida mai shekara ɗari da hamsin, ya san abin da ya saya, ya turo katafila da asuba. Da kuma hukumar da ta sa masa hannu a takardar izinin gini ba tare da ta aiko ko mutum ɗaya ya leƙa abin da za a rushe ba.

Yanzu mu zo kan kantuna, inda hujja ta biyu take jiranmu. Ana cewa: to mun ji na Birni, na kakanninmu ne, amma kantunan Nasara da gidajen kumandan fa? Me za mu yi da kayan waɗanda suka bautar da mu?

Mu fara da tambaya. Wa ya gina su? Bature ne ya ɗauki dutse a ka? Kakanninmu ne aka kamo daga ƙauyuka, aka sa su aikin dole, ba biya, ga bulala, har sai da aka soke wannan aikin a 1946. Gumin da ke jikin waɗannan bangaye namu ne. In ka rushe su, ba Faransa ka cuta ba. Su suna da takardunsu da hotunansu a ajiye a ɗakunan tarihinsu, kuma a can labarin yadda suke so haka aka rubuta shi. Kai ne ka goge shaidar da kake da ita a ƙasa. Mai ƙara da hankali ba ya ƙona shaidarsa kafin a shiga gaban alƙali.

Kuma waɗannan kantuna su ne tarihin arzikin kudancin ƙasar nan. Dattawan da suka haura saba'in sun san zamanin gujiya. Sun san manyan kamfanonin Nasara irin su CFAO da SCOA, da kantunan Kwara, da yadda kaka ke yi garuruwa su cika da raƙuma da jakai da amalanke, daga Magarya da Matamai da Tasawa, ana awo ana tara buhuna kamar tsauni. Daga nan a ɗora a kamyo zuwa Kano, inda jirgin ƙasa ke kwasa zuwa teku. A 1953 Faransawa suka buɗe wata hanyar ta Dahome don kada duk kayan su riƙa bi ta hannun Ingilishi. A waɗannan kantunan manomi ke miƙa gujiyarsa a sikeli wanda bai iya karantawa ba, ya karɓi ƴan kuɗi, ya biya haraji, abin da ya rage ya mayar wa kantin ya sayi atamfa da sukari da fitila. A bakin waɗannan kantunan ne kuma yaran dillalai suka koyi ciniki, suka zama masu sayen gujiya da kansu, suka zama Alhazan Maraɗi da Damagaram da ake ji da su. Har Bature Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi guda kan Alhazan Maraɗi a 1986. Bayan ƴancin kai gwamnati ta kafa SONARA da COPRO-NIGER a 1962 don ta karɓe cinikin daga hannun baƙi. Sai farin 1973 da 1974 da cutar da ta faɗa wa gujiya bayansa suka karya harkar.

To wannan duka ina yaro zai gan shi? Ɗan Alhajin da ke yawo da mota mai baƙin gilashi bai san a gindin wane sikeli kakansa ya fara ba. Da an bar magazan ɗaya tak a Maraɗi ko a Damagaram, an ajiye tsohon sikeli da buhu da littafin awo da hotuna, mushe ya kawo ƴan ajinsa, da darasin awa ɗaya a wurin ya fi wata guda na haddar allo. Haka masana'antunmu da suka mutu ko suka suma, irin matatar man gujiya ta SICONIGER a Maraɗi da injin gero na SOTRAMIL a Damagaram. Kullum muna kuka ba mu da masana'antu. Mun taɓa yi. Wanda bai san yadda na farko suka mutu ba, na biyu ma haka za su mutu a hannunsa.

A 2024 an canza sunayen wasu tituna a Yamai, titin de Gaulle ya koma na Djibo Bakary. Madalla, suna namu ne, mu ke da ikon raɗa shi. Haka barikin da aka sa wa sunan Cazemajou ya koma sunan Tanimu, kuma ginin yana nan. Ka ga hanya ke nan: a canza suna, a canza aiki, a rubuta gaskiyar abin da aka yi a wurin a manna a bango, a bar bangon tsaye.

Sai ta uku, wadda muka san a kanta za a fi yi mana ca: gidajen giya.

Mu Musulmi ne, mun san hukuncin giya, ba mu zo halatta ta ba, kuma ba mu ce a buɗe wa kowa mashaya ba. Amma tarihi da fatawa kowane da aikinsa. Fatawa tana gaya maka abin da ya kamata ka yi. Tarihi yana gaya maka abin da aka yi. A 1967 aka kafa kamfanin BRANIGER a Yamai, daga baya ya yi reshe a Maraɗi. Shi ne ya riƙa yin giyar nan mai hoton raƙumin dawa, shi ne kuma ya daɗe yana cika kwalaben lemun da muka riƙa sha a biki da suna da buɗa baki. Ma'aikata da direbobi da masu gadi da ƴan dako da masu sayar da lemu a bakin tasha sun ci abinci daga wurin, sun yi aure, sun sa yara lakkol. A 2019 aka sanar da rufe shi. Ko muna so ko ba mu so, in za a rubuta tarihin masana'antu da na ƙwadago a Nijar, ba a iya tsallake wannan kamfani.

Kafin kamfani ma akwai tukunya. Arnan kwarin Maraɗi da na sauran wurare suna dafa giyar dawa tun kafin Bature ya san hanyar nan, suna bukukuwansu da ita. Jikokinsu ne da yawanmu, kuma Allah ya shiryar da gidajen ta hannun malamai masu haƙuri. Wanda ya ɓoye wa ɗansa inda aka fito, ya rage wa waɗannan malaman ladan aikinsu a idon yaron, don yaron zai ɗauka haka aka tarar da garin. Haka unguwannin da suka tashi a gefen barikin soja zamanin Nasara, da mashayunsu da gidajen rawarsu: can ne sojan da aka kwaso daga wasu ƙasashe suka zauna, can ne ma'aikata ƴan Dahome da Togo suka yi zamansu, can aka fara jin wasu kaɗe-kaɗen zamani. Wannan ma garin ne. Ba mu ce a yi alfahari da shi ba. Mun ce a rubuta shi, a san wurin.

Domin in muka kafa doka cewa duk ginin da aka taɓa saɓon Allah a cikinsa sai a shafe shi, to mu shirya, ba abin da zai tsira. Birnin da muke taƙama da shi, wani ɓangare na arzikinsa daga cinikin bayi ya fito. An kai hari ƙauyuka, an kamo mutane, an sayar da su ga masu ƙetare hamada, kuma baƙin da suka zo garin a lokacin sun rubuta abin da suka gani. Za mu rushe fada saboda haka? A'a. Za mu bar ta, mu faɗi alherin da aka yi da sharrin da aka yi. Addininmu da kansa ya koya mana cewa kufan mutanen da suka wuce abin lura ne ga masu hankali. In an share kufai, da me za a yi lurar?

Mun kuma ga inda fushi ba tare da tunani ba yake kai mu. A watan Janairu 2015, bayan zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta yi wa Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zukata sun ƙuna, kuma da dalili. Amma me aka ƙona? A Damagaram da Yamai an ƙona coci-coci da mashayu, an rasa rayuka, an kuma cinna wa cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Damagaram wuta, da ɗakin karatunta. Masu zanen suna Paris, wannan wutar ba ta kai gare su ba. Littattafan da suka zama toka, yaran Damagaram ne ke karanta su.

Yanzu ga hukuma. Ƙasar nan tana da doka, mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997, kan kare kayan tarihi da al'adu. Tun 2006 Nijar ta miƙa sunan Birnin Damagaram da fadar Sarki cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Agadas ta shige a 2013. Damagaram tana nan a bakin ƙofa. Shekara nawa ke nan? Ku lissafa da kanku. Kuma kowace shekara abin da za a nuna wa masu binciken raguwa yake. Ranar da za su zo, me za mu nuna musu, butik ɗin sayar da waya?

An yi bukukuwan 18 ga Disamba gari-gari: Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. An yi tituna, an sa fitilu, an gina wurin fareti, kuma ba mu raina ba. Amma muna tambaya, cikin kuɗin da aka zuba, kashi nawa ya shiga lungunan Birni da Zengu? Magina nawa aka ɗauka aka ce su koya wa samari? Sunan bikin ma ya faɗi inda hankalinmu yake: sabuwa muke so. Tsohuwar ko oho. Alhali da tsohuwar zuma ake magani.

Mutanen Maraɗi sun fi kowa sanin zafin rasa tsohon gari. A 1945 ambaliyar Gulbi ta cinye garin da ke cikin kwari, aka tayar da mutane aka mayar da su kan tudu, aka yanka musu unguwanni a miƙe. Wancan ikon Allah ne, ba wanda ya zaɓa. Mutanen Yamai sun ga Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, sun ga Ƙaramar Kasuwa ta ƙone a 2012. Gidajen silima da iyayenmu suka yi layi a ƙofarsu, yau yaro bai ma san inda suke ba. Ruwa ya ci nasa, wuta ta ci nata. Ɗan abin da suka bar mana kuma shi ne muke miƙa wa katafila da kanmu. Maƙwabtanmu na Kano suna kuka kan badalarsu da ake yankawa ana gina shaguna, amma ko ba komai sun riƙe Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, ana shiga ana gani. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Za a ce mana ƙasa tana fama da tsaro da yunwa da tsadar rayuwa, Damagaram ko ruwan sha bai wadace ta ba, ku kuna maganar tsohon bango. Gaskiya ne akwai yunwa. Amma abin da muke nema ba ya cin kuɗin rijiya ko ɗaya. Ga shi.

Ma'aikatar magajin gari ta kowane birni ta zauna da masu unguwanni da fada, a bi lungu-lungu a rubuta tsofaffin gine-gine: gida, masallaci, kanti, magazan, masana'anta, silima, har da tsofaffin mashayu. A ɗauki hoto, a rubuta sunan wanda ya gina da abin da dattawa suka sani. Muna da Jami'ar André Salifou a Damagaram, mai sunan mutumin da ya rubuta tarihin Damagaram tun 1971, muna da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi. Ɗaliban tarihi da na labarin ƙasa suna neman abin da za su yi bincike a kai, ga shi a ƙofar gidansu. Waya mai kyamara da littafin rubutu sun isa a fara.

Duk ginin da ya shiga wannan jerin, kada a ba da izinin rushe shi sai an sanar da jama'a an saurare su. In gado ne ya tilasta sayarwa, a ba hukuma ko fada ko ƴan unguwa damar fara tayawa. Wanda ya riƙe tsohon gida yana yi masa yaɓe, a sauƙaƙa masa haraji, don aikin gari yake yi.

A ba tsofaffin gine-gine aiki, don gidan da ba kowa a ciki shi ke fara faɗuwa. Tsohon kanti yana iya zama wurin dukawa da maƙera da masu ɗinki, tsohon magazan ya zama ɗakin karatu ko wurin koyon sana'a. A Agadas gidan Kawusan ya zama otel, shi ya sa yake tsaye har yau.

Alhazanmu kuma, ku da Allah ya buɗa wa: kuna gina masallatai da makarantu, Allah ya saka. Ku ƙara da wannan. Mutum ɗaya cikinku yana iya ɗaukar nauyin yaɓen gidaje goma a Birni kowace shekara bai ji a jikinsa ba, kuma magina da masu kawo ƙasa da masu ɗiban ruwa su samu na cefane. In kuna son bene, fili bai ƙare ba a bayan gari.

Mu kuma ƴan wannan shafi, namu aikin ya fi sauƙi. Wanda ke da tsoho a gida, ya zauna da shi yau ya kunna rikoda ta waya, ya tambaye shi: ina kantin wane yake, wa ke da wancan soron, me ake yi a wancan fili kafin a gina tasha? Wanda ke da tsohon hoto a ƙasan akwati, ya ɗauka ya turo mana, ya rubuta unguwa da shekara in ya sani. Wanda ya ga an kawo katafila gaban wani tsohon gini, ya ɗauki hoto kafin ta fara, ya turo, mu yi ta yayatawa har masu sa hannu su san ana kallonsu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma damina ba ta jiran kowa.

Wanda bai yarda da mu ba, musamman kan maganar gidajen giya, ƙofa a buɗe take, ya kawo hujjarsa cikin mutunci za mu karanta. Amma ku fara da amsa mana wannan: a unguwarku, wane tsohon gini ne kuka buɗe ido kuka gani wanda yau babu shi, kuma me aka gina a wurin? Ku rubuta sunan garin da unguwar.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka.